P365, Glock 43X, Shield Plus da LCP: me ƙaramar fistol za ta yi wa mai gida a Zariya?

Tun da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021, suka kuma afka wa cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a watan da ya biyo baya, maganar bindiga ba ta bar bakin magidanta a Zariya ba. Ana yin ta a majalisar bayan isha'i a Tudun Wada, ana yin ta a Gyallesu da Samaru da Ƙofar Gayan. Matasa kuwa sun riga sun haddace sunaye daga bidiyoyin Amurkawa da suke kallo a waya: P365, Glock 43X, Shield Plus, LCP. Ƙananan fistol ne marasa nauyi, waɗanda mutum zai soke a ƙugu riga ta rufe. Tambayar da ake yi ita ce wacce ta fi, kuma ko za ta tsare gida.

Hukuncinmu tun farko shi ne: huɗun nan kaya ne masu inganci, ƙirar kamfanonin da suka san aikinsu, amma aiki ɗaya aka ƙera su dominsa, wato mutum ya yini da bindiga a jikinsa a ƙasar da doka ta ba shi wannan dama. Wajen tsaron gida su ne mafi rauni a danginsu. Ga farar hula a Najeriya kuma doka ta rufe ƙofarsu. Duk da haka ya kamata a san su ciki da bai, domin wanda bai san abu ba shi ake ruɗa da shi.

Sig Sauer P365 ita ce ta juya kasuwar nan lokacin da ta fito a 2018. Kafin ita, fistol mai wannan girman harsashi 6 ko 7 take ɗauka. Ita ta zo da magazin, wato gidan harsashi, mai harsashi 10 na 9mm, an jera su layi biyu a ƙasa suna tsukewa zuwa layi ɗaya a sama, shi ya sa mariƙinta bai yi kauri ba. Nauyinta kusan giram 500 ba harsashi, faɗinta milimita 25, tsawon bututunta milimita 79, duka tsawonta bai kai santimita 15 ba. Tana zuwa da saiti mai ɗan haske a duhu, wanda wasu kamfanoni sai ka saya daban. Aibinta yana wurin da kyawunta yake. Mariƙin gajere ne, mai babban hannu ƙaramin yatsansa a iska zai tsaya, ga sifirin ɗin magazin da tauri, har cusa harsashi na 9 da na 10 da yatsa aiki ne.

Glock 43X, ƙirar Ostiriya ta 2019, ta bi wata hanya. An bar bututun gajere, milimita 87, aka tsawaita mariƙi yadda yatsu duka za su samu wurin zama. Harsashi 10, nauyi kusan giram 530. A cikin huɗun ita ce ta fi zama a hannu, kuma kayan cikinta kaɗan ne, ba ta da rikici. Saitin da take zuwa da shi na roba ne, masu ita da yawa canja shi suke yi. Abu biyu ne sabon hannu ya kamata ya ji tsoro a kanta. Na ɗaya, ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa. Matakan tsaronta uku ne, kuma dukkansu suna sakin kansu da zarar an ja kunama, jan da bai wuce nauyin kilo biyu da rabi ba. Bakin riga ko igiya in suka shiga zoben kunama lokacin mayar da ita kube, ta tashi. Na biyu, kafin a kwance ta don wanki sai an ja kunamar. Wanda ya zare magazin ya manta akwai harsashi ɗaya da ya riga ya hau bututu, to a ɗakinsa zai harba shi. Wannan kuskure na ɗauka cewa zare magazin ya sauke bindiga yana cikin manyan hanyoyin da ake harbin kai da iyali ba da niyya ba, a kowace irin fistol mai magazin.

Smith & Wesson Shield Plus ta 2021 tana zuwa da magazin biyu, mai 10 da mai 13, nauyinta kusan giram 570. Wannan ɗan ƙarin nauyi alheri ne, don ta fi sauran sauƙin bugun hannu, kuma ana samun samfurinta mai makullin babban yatsa. Wanda bai daɗe da fara riƙe fistol ba, a ƙasar da aka halatta, ita za mu nuna masa.

Ruger LCP kuwa ita ce ƙarama a cikinsu, kuma ita ta fi jan ido. Ta asali, ta 2008, giram 270 ce kacal, harsashi 6. LCP Max ta 2021 tana ɗaukar 10 a nauyin giram 300. Sai dai ba 9mm take ci ba, .380 ne, harsashin da John Browning ya ƙirƙira a 1908, mai nauyin giram 6 da 'yan kai, yana fita da gudun da bai kai mita 300 a daƙiƙa ba. Hukumar FBI ta Amurka tana gwada harsashi a wani daskararren sinadari mai kama da tsokar mutum, tana neman ya shiga tsakanin santimita 30 zuwa 46. Harsashin .380 mai buɗe baki sau da yawa ɗaya yake iya yi: in ya buɗe bai kai zurfin ba, in ya kai zurfin bai buɗe ba. Ga saitinta ƙanana, ga mariƙin da yatsu biyu kawai ke kamawa. Ita ce mafi sauƙin ɗauka, ita ce kuma mafi wuyar harbi. Akwai masu ba da shawarar ƙaramar libarba irin Smith & Wesson 642, mai harsashi 5 da nauyin giram 400 da ɗoriya, wai ba ta cijewa. Gaskiya ne ba ta cika cijewa ba, amma kunamarta tana neman jan da ya haura kilo 5, kuma mai jan kilo 5 da yatsa ɗaya a kan abin da bai kai rabin kilo ba, da wuya bakin bindigar ya tsaya inda ya nufa.

A Amurka farashin yawancinsu yana tsakanin dala 400 zuwa 600, LCP ta asali tana ƙasa da haka.

Abin da rashin nauyi yake ci

Mai talla zai gaya maka nauyinta, ba zai gaya maka abin da aka biya aka samu rashin nauyin ba. Lissafin ba wuya. Harsashin 9mm mai giram 8 yana fita da gudun kusan mita 350 a daƙiƙa. Duk ƙarfin da ya tura shi gaba, irinsa ne yake turo bindigar baya. Glock 19, wadda ake ɗauka matsakaiciya, cike da harsasai 15 tana da giram 855. Ƙanwarta Glock 43 cike da nata 6 tana da giram 585. Harsashi iri ɗaya ne, amma bugun da ƙaramar za ta kai wa hannu ya fi na babbar da kusan rabi, kuma a siririn mariƙi zai sauka, ba a faffaɗa ba. Bakinta yana ɗagawa sama sosai, harbi na biyu yana jinkiri, kuma hannu yana koyon wata muguwar ɗabi'a: yana dannawa ƙasa tun kafin ƙarar ta fito, don ya san abin da ke zuwa. Mai harbi da hannun dama sai ya ga harsasansa suna sauka ƙasa ta hagu, ya ɗora laifin a kan saiti.

Sai tazarar saiti. Tsakanin saitin baya da na gaba a waɗannan ƙananan kusan santimita 13 ne. Kuskuren milimita ɗaya a wajen daidaita su, a nisan mita 10 ya zama kusan santimita 8. Hannun da ke rawa da tsakar dare ba milimita ɗaya yake kuskure ba, yana yin biyar ko fiye. Daga ƙofar ɗaki zuwa bakin zaure mutum guda ana iya kuskure shi sarai, harsashin kuma ba zai tsaya don ya kuskure ba.

Cijewa ma daga nan take zuwa. Murfin sama da ke zamewa baya ya jefar da ɓawon harsashi ya ɗauko sabo yana bukatar gangar jikin bindigar ta tsaya cak. In wuyan hannu ya yi sako-sako, ƙarfin da zai kai murfin ƙarshe sai ya tafi a hannun, ɓawon ya maƙale a tsaye a bakin rami, ko sabon harsashi ya tsaya a karkace. Ƙananan fistol sun fi manya yin haka, domin murfinsu ba nauyi, tafiyarsa gajera ce, sifirin ɗinsa mai tauri. Taurin nan kuma shi ke hana dattijo mai ciwon gaɓɓai ko uwargida mai ƙaramin hannu iya ja a ɗana. Akasin abin da mutane ke zato ke nan: ana cewa a saya wa mai rauni ƙarama, alhali ƙaramar ita ta fi neman ƙarfin hannu. Sifirin ɗin kansa yana gajiya bayan harbi dubu kaɗan, sai an canja, kuma yawancin cijewar da ake gani daga magazin take, ko leɓensa ya buɗe ko sifirin ɗinsa ya mutu.

Yanayin Zariya zai ƙara nasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. In ta haɗu da man da aka shafa da yawa sai ta zama taɓo a hanyar murfin da ramin allurar da ke dukan harsashi. A Maris da Afrilu zufa ce mai gishiri, tana cin magazin da saiti da tsatsa. Da damina kuma laima. Bindigar da ke manne da jiki kullum tana son a goge ta kowane mako, a shafa mai ɗigo kaɗan, ba a yi mata wanka da shi ba.

Sutura ma abin dubawa ce, kuma bidiyoyin ba su san da ita ba. An tsara waɗannan bindigogi da kubensu a kan wandon jins da bel mai tauri da gajeruwar riga. Kuben kirki sai ya rufe zoben kunama ruf, ya kuma kama bel ɗin da ba ya lanƙwasa. Wandon kaftani mai tazuge ba ya riƙe rabin kilo. Aljihun gefe kuma, inda ake zuba makullai da carbi da canji, shi ne wuri mafi haɗari da za a jefa fistol mai harsashi a bututu. Mutumin Zariya yana alwala sau biyar, yana ruku'u da sujada kafaɗa da kafaɗa da jama'a, yana matsuwa da mutum uku a bayan Keke daga Kwangila zuwa Ƙofar Doka, yara suna hawa cinyarsa da ya dawo gida. Kowanne a cikin waɗannan wuri ne da bindiga za ta iya zamewa, ko ta faɗi, ko wani hannu ya kai gare ta.

Duk wannan horo ne ke rage shi, kuma horo harsashi ne ɗaruruwa, a filin harbi, ƙarƙashin malami, ana maimaitawa wata bayan wata. Filayen harbin da ke Zariya na sojoji ne. Harsashi kuma a dokar Najeriya ba ya halatta ga wanda ba shi da lasisin bindigar da ke cin sa. Ba'amurken da ke bidiyo ya harba dubbai kafin ya kunna kyamara. Mai kallonsa a Hanwa, in ya samu bindigar ta bayan fage, harbinsa na farko shi ne na ranar tashin hankali.

A cikin gida

Ko a Amurka, masu koyar da harbi ba ƙaramar fistol suke zaɓa wa gida ba. A gida ba a bukatar ɓoyewa, don haka ba dalilin biyan kuɗin ƙanƙanta. Babbar fistol ko doguwar bindiga suke cewa. Wanda ya sayi ƙarama don ta yi masa aiki biyu, na biyun ba za ta yi shi da kyau ba.

Gidajenmu kuma ba irin nasu ba ne. Gidan gado a cikin Birni yana iya ɗaukar iyali huɗu ko biyar, da tsakar gida ɗaya, da samari masu dawowa daga kallon ƙwallo ƙarfe goma sha biyu, da almajirin da ke kwana a zaure, da tsoho mai fitowa alwalar tsayuwar dare. Ga ɗaukewar wuta. Inuwar da ta gifta a tsakar gida ƙarfe biyu na dare, galibi ta ɗan gida ce. Harsashin 9mm yana ratsa ƙofar katako da kwanon rufi da silin da taga kamar babu su. Tsohuwar katangar ƙasa mai kauri za ta riƙe shi, amma bulo mai rami inci 6 da aka buga da siminti kaɗan ba abin dogaro ba ne, kuma bayansa ɗakin yara ne ko na maƙwabci. Ƙarar fistol tana kai desibel 160, alhali daga 140 kunne yake fara lalacewa nan take. A rufaffen ɗaki, bayan harbi ɗaya mai gida ba ya jin muryar matarsa, walƙiyar bakin gajeren bututu kuma ta ɗauke masa ganin duhu na ɗan lokaci.

Ajiya ita ce matsalar da ba ta da mafita mai daɗi. In an kulle ta a akwatin ƙarfe, harsashi daban, kamar yadda ya wajaba a gidan da ke da yara, ba ta kusa lokacin da aka balle ƙofa. In an sa ta ƙarƙashin matashi, yaro ɗan shekara huɗu yana da ƙarfin jan kilo biyu da rabi da manyan yatsunsa biyu, kuma in zai yi haka bakin bindigar fuskarsa yake kallo. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, na 2021 sun nuna mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a shekarar, fiye da rabinsu su suka harbi kansu. Bindigar gida tana nan ranar ɓarawo, tana kuma nan ranar faɗan miji da mata, da ranar rikicin gado, da ranar da saurayi ya shiga ƙunci.

A duba kuma wanda ake tsoro. Ɓarawon waya da janareta ihu da haske suna korar sa. Masu garkuwa da mutane kuwa gungu suke zuwa, da AK-47 mai harsashi 30 a magazin, harsashin da ƙarfinsa ya ninka na 9mm kusan sau huɗu, yana kuma kai mita 300 da saiti. Harbi ɗaya daga taga ya gaya musu ɗakin da za su buɗe wa wuta, ɗakin da iyali suke.

Abin da doka ta ce

A Amurka riƙe makami haƙƙi ne da gyara na biyu na tsarin mulkinsu ya tabbatar tun 1791, kuma a 2022 Kotun Ƙolinsu ta ce haƙƙin ya haɗa da fita da fistol waje. Wannan dokarsu ce, a can ta tsaya.

Tamu ita ce Dokar Makamai ta 1959, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na ɗaya haramtattu ne: igwa, bama-bamai, mashinga, bindigogin soja, da fistol da libarba kowace iri. Waɗannan ba mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Ba DPO ba, ba Kwamishinan 'Yan Sanda ba, ba gwamna ba. Kashi na biyu ya haɗa da bindigogin farauta mai baki ɗaya da mai baki biyu da bindigar iska, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Bindigar farauta mai ɗora wa kanta harsashi, ko wadda ake ja a tura ta ɗora, an cire ta daga wannan kashin. Na uku su ne na ɗuri ta baki irin adaka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sandan jiha ke kula da su. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

Hukuncin wanda aka kama da bindigar kashi na ɗaya ba lasisi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Ko kashi na biyun ma ƙofarsa ba a buɗe take ba. Da gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi bindiga a Yunin 2022, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A Agustan 2023 kuma Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da lasisin bindiga. Hatta masu gadi na kamfanoni masu rajista, dokarsu ta 1986 ta hana su riƙe bindiga. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa da ƙarfin da ya dace da barazanar, amma wannan bai wanke laifin mallakar haramtaccen makami ba. Tuhuma biyu ce daban.

Saboda haka duk fistol ɗin da wani zai kawo wa farar hula a Zariya ta ɓarauniyar hanya ta zo. Ko dai ƙirar maƙera ce, da bututun da ba a gwada ƙarfinsa ba, wadda ke iya fashewa a hannu ko ta tashi in ta faɗi ƙasa, ko kuma ta waje ce da ba wanda ya san jinin da ke kanta. Wanda aka same ta a hannunsa shi zai amsa tambayar duk abin da aka yi da ita kafin ta iso gare shi. Mai sayarwar ma ya san gidanka, ya san kana da kuɗi, ya san ba za ka iya kai shi ƙara ba.

Inda kuɗin zai yi aiki

Abin da mai gida yake bukata a daren farmaki minti ne: minti biyar ko goma da za su ishi unguwa ta tashi. Ƙofa ce ke sayen wannan lokacin. Ƙofofin shigowa da ake sayarwa masu ƙyalli da yawansu falle ne siriri a kan kwali, ƙarfen ɓanɓare taya yana buɗe su. A je wurin mai walda a ce masa falle mai kaurin milimita 2, firam na angil ayan milimita 50 da 50, hinji uku da aka toshe fil ɗinsu da walda, sakata sama da ƙasa, da gindin sanda biyu a ciki inda za a gitta bututun ƙarfe. Wurin da aka fi yin ha'inci shi ne kafa firam. In a cikin bulo mai rami aka soke shi, ƙofar da firam ɗin tare za su fito. A sa birkila ya zuba fila ta kankare hagu da dama, a walda rodi mai milimita 12 guda uku a kowane gefe su nutse cikin kankaren.

A zaɓi ɗaki ɗaya a cikin gida a yi masa irin wannan ƙofar, ya zama inda kowa zai ruga. A tuna da sama: ɓarayi suna ɗaga kwano su faso silin, don haka a shimfiɗa ragar rodi a kan linta kafin silin. Ƙarfen taga kuma a bar guda ɗaya mai buɗewa da kwaɗo, makullinsa a rataye inda babba zai kai hannu a duhu, domin ƙarfen da aka walda ruf ya sha hana mutane fita lokacin gobara.

Fitilar sola mai kunna kanta in ta ji motsi a kafa ta sama da mita uku, tana haska waje, ba tsakar gida ba, yadda na ciki zai ga na waje shi kuwa ba ya ganin na ciki. Da hunturu a goge farantin kowane mako, in ba haka ba ƙura za ta sa batir ya mutu kafin ƙarfe uku, daidai lokacin da ake bukatarsa. Jiniya mai bolt 12 da ƙarar desibel 110 zuwa 120, da batir ɗinta na kanta mai 7Ah, a ɗaura ta can ƙarƙashin rufi inda hannu ba ya kai, wayarta ta bi ta cikin bango, makunni ɗaya a gefen gadon mai gida, ɗaya a ɗakin uwargida. A gwada ta ranar da aka sanar da maƙwabta, a kuma canja batir ɗin in ya kai shekara biyu, don zafi yana cinye shi.

Jiniya ba ta da amfani in unguwa ba ta san ma'anarta ba. A zauna da mai unguwa da limami da 'yan sintiri a yanke: in an ji ta, kowa ya kunna fitilunsa, ya busa usur daga cikin gidansa, masu lasifikar masallaci su yi shela, mutum biyu da aka ambata da suna su kira DPO da jami'an KADVS, wato 'yan sintirin jihar Kaduna, da lambar gaggawa ta 112. Kada kowa ya fito titi da gora a gaban masu AK.

Akwatin taimakon gaggawa ma ya shiga lissafi: bandeji mai yawa, da ɗaurin tsayar da jini na hannu da ƙafa, da mutum biyu a gidan da ma'aikacin lafiya ya koya musu ɗaura shi, santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a matse har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin. Dokar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. A san hanyar da za a bi zuwa asibitin Shika ko na Gambo Sawaba da dare, da motar wa za a ɗauka, da wanda zai tuƙa.